Bayan Tef

An ɗauke wuta a Aboabo tun magariba.
Keken ɗinki ya yi shiru da atamfa a bakinsa.
Barira ta jawo fitila kan teburin yanka,
ta ture almakashi da alli, ta buɗe littafi:
"Baba, mota na gudun kilomita saba'in da biyu a awa.
Mita nawa take ci a sakan ɗaya?"

Na ce ni tela ne.
Tambaye ni ƙugu, tambaye ni kafaɗa.
Inci talatin da shida yadi, wannan ko a barci.
Uwarki ta san olonka, tana cika ta har da tozo,
ta san kwalbar manjan da aka yi wa ƙwange tun daga nesa.
Amma waɗannan baƙin naki
ba su taɓa yin sallama a gidan nan ba.

Ta tauna gindin fensir, ta ninka,
ta ja layi biyu yadda Ticha Ofori ke so.
"Ɗari biyu da hamsin da tara, da 'yan kai."

Na ce ita mitar, ina tsawonta?
"Ta ɗara yadi kaɗan."
To, dakata.
Daga ƙofar nan zuwa famfon unguwa
na auna ranar da muka ja tiyo,
yadi ɗari uku ne, ba kaɗan.
Kina nufin kafin in ce "kai"
motar Kawu Sidi ta isa famfo?
Motar da sai an tura ta a Kejetia,
ana turawa tana tari?

Dariya ta kusa kashe mana fitila.
Ta goge har takarda ta yi baƙi,
ta soma daga fari, tana magana da kanta:
kilomita buhu ne, mita dubu a ciki,
awa ma buhu ce, sakan dubu uku da ɗari shida.
A kwance bakin duka biyun, a zazzage,
a raba na farko wa na biyu.
"Ashirin!"
Daga nan zuwa teburin mai koko ke nan.
Na ce wannan na yarda,
in dai gangara ce.

Ta biyu ba ta nemi bakina ba.
Jarka lita ashirin da biyar,
kofi mililita ɗari biyu da hamsin.
Ta rubuta ɗari, ta ajiye fensir, ta shafa wuya.
"Ashe kofi ɗari nake ɗaukowa a ka kullum safe."
Ban ce komai ba. Na gyara lagwani.

Can na ce, kakana da jakai ya zo garin nan neman goro,
bai san mil ba, bai san kilomita ba.
In an tambaye shi nisan gida
sai ya ƙirga da zango.
"Zango kilomita nawa ne?"
Ya danganta da jaki.
Ya danganta da inda rijiya take,
da ƙafar wanda ya fi kowa gajiya a ayari.
Ta ce, "Ticha ba zai ba da maki a wannan ba."
Na ce na sani.

Sai ihun yara daga lungu: an kawo wuta.
Keke ya farka ya ci rabin yadi kafin in kama shi.
Ta zare tef daga wuyana, ta juya.
Shekara ashirin da biyu ina rataye da shi,
na ɗauki ƙananan layukan bayansa
kamar ado a gefen zane.

"Auna ni."
Kafaɗa, inci goma sha huɗu.
"Juya."
Santimita talatin da biyar da rabi.
Ta ce, "Ka gani? Kafaɗar dai ɗaya ce."

Na buɗe littafin awo na duba sunanta.
Bara da sallah
sha uku na rubuta.